Allurar Geji da Numfashin Tanki: Matsalar da Ke Damun A-kori-kura a Ikara, Maƙarfi da Kudan

A ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan, waɗanda ke arewacin Jihar Kaduna, kusan duk abin da gona ta bayar sai ya hau bayan mota kafin ya zama kuɗi, ko raken Maƙarfi ne, ko tumatir da attarugun fadamun Kudan da Hunƙuyi, ko masarar garuruwan Ikara irin su Paki da Auchan da Saulawa. Motar da ke shiga lungun da babbar mota ba ta iya kaiwa, ta kwaso kaya daga bakin gona zuwa kasuwa ko zuwa babban titin Zariya zuwa Kano ta Tashar Yari, ita ce a-kori-kura, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya. Daga cikinsu akwai tsofaffin Peugeot 504, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna, akwai Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, akwai kuma Nissan da Mitsubishi da Isuzu, yawancinsu 'yan Kwatano ne da suka yi aikin shekaru a wata ƙasa kafin su iso nan.

Koke biyu ne ake yawan kai wa makanikai game da tankin waɗannan motoci. Na farko shi ne gejin mai, wato agogon da ke gaban direba mai nuna yawan man da ya rage, ya daina faɗin gaskiya, ko dai allurarsa ta kwanta a ƙasa alhali akwai mai, ko ta tsaya a rabi har mota ta mutu a daji. Na biyu shi ne tanki ya ƙi karɓar mai a gidan mai, yana tofo shi waje, ko kuma mota ta yi ta shaƙewa bayan tafiyar 'yan kilomitoci. Galibi ana ɗaukar waɗannan a matsayin cututtuka biyu da ba su da alaƙa, a kai ɗaya wurin mai wayarin, ɗaya wurin bakanike, kowanne ya rubuta kayan da za a saya. Amma a cikin motoci da yawa tushensu ɗaya ne, kuma wanda ya san tsarin bincikensu zai iya gano inda laifin yake kafin ya kashe ko kwabo a shagon kayan gyara.

Abin da ya ƙara wa batun nauyi shi ne tsadar mai. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Tun daga lokacin cika tanki ya zama sai mai hali, direba kan sha iyakar abin da zai kai shi ya dawo da shi, don haka kuskuren lita biyar a geji, wanda a da ba a kula da shi, yanzu yana iya cinye balas ɗin yini, wato kuɗin da direba ke kai wa mai mota bayan aiki. Gejin ne kuma alƙali tsakanin mai mota da direbansa, da tsakanin direba da mai sayar da mai, kuma idan alƙalin ya karkace sai zargin sata ya shiga tsakanin mutanen da babu wanda ya ci amanar wani a cikinsu.

Yadda geji ke samun labari

Geji ba ya ganin mai, labari ake aiko masa ta waya. A cikin tanki akwai wani ɗan ƙwallo mara nauyi da ke yawo a saman mai, wanda makanikai ke kira fulota, an ɗaura shi a bakin wani siririn hannu na ƙarfe, ɗaya bakin hannun kuma yana ɗauke da ɗan harshe da ke goga jikin wani faranti mai layukan ƙarfe. Aikin farantin shi ne turjiya, wato rage ƙarfin wutar da ke bi ta cikinsa, kuma ana auna wannan turjiya da ma'aunin da ake kira om. Idan mai ya ragu fulota ta sauka, harshen ya matsa, turjiyar ta sauya, sai allurar da ke gaban direba ta motsa gwargwadon wutar da ta iso mata. A tsofaffin motoci wutar ce ke motsa allurar kai tsaye, ko ta hanyar ɗumama wani ɗan ƙarfe da ke lanƙwasawa idan ya ji zafi, ko ta hanyar maganaɗisu. A sababbi kuwa labarin kan fara zuwa kwamfutar mota, ita ce ke tace shi, tana jinkirta motsin allurar da gangan domin kada ta yi ta rawa duk lokacin da mai ya yi tambal-tambal a kan gargada.

Kowane kamfani yana da nasa lissafin turjiya, kuma wannan shi ne abin da masu sauya kaya da ka suka fi jahilta. A tsofaffin motocin Toyota da yawa turjiyar kan kasance kusan om 3 idan tanki ya cika, kusan om 110 idan ya ƙare. A motocin General Motors na Amurka da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa na 1990 lissafin a juye yake, sifili idan babu mai, om 90 idan ya cika, yayin da tsofaffin Ford suke amfani da kusan om 73 a ƙasa da om 10 a sama. Saboda haka fulotar da aka ciro daga wata mota a kasuwar tsofaffin kaya, ko da ta zauna daram a bakin tanki, tana iya sa allura ta yi aiki a juye ko ta kasa wuce rabi, kuma babu abin da ya lalace a cikinta, ba tata motar ba ce kawai. Wannan bambanci ne kuma ke sa tsinkewar waya ta nuna alama iri biyu: a tsarin Toyota allura ta faɗi ƙasa, a tsarin General Motors ta haye sama ta wuce alamar cika.

Ko lafiyayyen geji ma ba mudu ba ne. Tankin a-kori-kura ba shi da siffa ɗaya daga sama har ƙasa, domin an ƙera shi ne ya kauce wa ƙarfen gindin mota da sandar da ke juya ƙafafun baya, don haka rabin allura ba lallai ya zama rabin lita ba. Kamfanoni kuma kan bar wasu litoci a ƙasan alamar ƙarewa a matsayin ajiya. Motar da aka yi wa lodin rake har bayanta ya zauna, ko aka tsayar da ita a gangare, tilas gejinta ya nuna abin da ya bambanta da na fili, kuma wannan ba lalacewa ba ce.

Lalacewa ta gaskiya tana da wurare sanannu. Farantin turjiya kan cinye a daidai inda harshen ya fi gogawa, kuma motar da ta shekara biyu ba ta wuce kwatan tanki ba, kamar yadda tsadar mai ta tilasta wa da yawa, gogar duk takan taru ne a ƙasan farantin, wurin da direba ya fi bukatar gaskiya. Alamar hakan ita ce allura ta yi aiki lafiya a sama, amma da ta iso wani wuri sai ta faɗi kwatsam ko ta yi tsalle. Fulota kuma kan huje ta sha mai ta nutse, sai geji ya riƙa nuna ƙasa da abin da ke akwai. Ingancin man ma yana da nasa hannu, domin sinadarin sulfa da ke cikin wani man yana cin azurfar da ake shafa wa layukan farantin. A watan Mayun 2004 ɗaruruwan gidajen mai na Shell da Texaco a jihohin Luwiziyana da Fulorida na Amurka sun dakatar da sayar da fetur saboda wannan dalili, bayan da gejin motoci masu yawa ya lalace. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto kan yadda ake shigo da mai mai yawan sulfa Afirka ta Yamma, a watan Fabrairun 2022 kuma hukumar NMDPRA, mai kula da harkar rarraba mai a Nijeriya, ta tabbatar da shigowar fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, wanda aka san yana cutar da roba da wasu kayan cikin tanki. Man jarka da na galan da ake saye a hannun 'yan bumburutu a inda gidan mai ya yi nisa ba duka ne gurɓatacce ba, amma yawan juye shi daga mazubi zuwa mazubi yana shigar da ruwa da ƙasa, ruwan kuma shi ke kwanciya a gindin tankin ƙarfe ya haifar da tsatsa.

Duk da haka, laifin da ya fi yawa ba a cikin tanki yake ba, a waje yake. Wayar geji tana bin ƙarƙashin mota ne, inda taɓon damina da duwatsun hanya ke dukanta, kuma wayar da ke haɗa fulota da jikin mota domin wuta ta kammala zagayenta takan yi tsatsa a inda aka ɗaure ta. Idan allurar mai tana motsi duk lokacin da aka kunna fitila ko aka taka burki, kusan tabbas wannan haɗin ne ya yi rauni. Idan kuma gejin mai da na zafin inji suka karkace tare a tsohuwar mota, to a duba ɗan abin da ke daidaita musu wuta a bayan agogunan, a ƙyale tanki.

Tanki ma yana numfashi

Duk litar da inji ya sha, dole lita guda ta iska ta shiga ta maye gurbinta, kuma duk litar da aka zuba a gidan mai, dole lita guda ta iska da tururi ta fita ta ba ta wuri. Wanda ya taɓa huda gwangwanin madara ƙofa ɗaya ya ga yadda take ƙin zuba sai an ƙara ta biyu ya riga ya fahimci ka'idar. A tsofaffin motoci irin su 504, da kuma yawancin masu amfani da man gas, numfashin yana bi ne ta murfin tanki ko ta wani siririn tiyo mai ɗan bawul da ke rufewa idan mota ta kife. Daga farkon shekarun 1970 dokokin Amurka suka hana sakin tururin fetur cikin iska, sai aka ƙirƙiro wani gwangwani cike da gawayi da ke kama tururin ya ajiye, daga baya inji ya zuƙe shi ya ƙone. A motocin fetur na zamani murfin a toshe yake, numfashin duk ta wannan gwangwani yake bi, da bawul biyu, ɗaya mai shigar da iskar waje, ɗaya mai kai tururi inji.

A a-kori-kura da yawa bakin wannan hanyar iska yana ƙarƙashin bodi ne, galibi kusa da ƙafafun baya, wurin da ƙurar hunturu da taɓon Agusta suka fi taruwa. Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce, domin kamfanin General Motors ya taɓa fitar wa makanikansa takardar umarni kan motocinsa Silverado da Sierra masu aiki a wurare masu ƙura, inda ya ce a ɗauke matatar iskar a mayar da ita wurin da ƙura ba ta kai sosai. Ƙwari ma suna toshe ta: zanzaro kan gina ɗakinsa na laka a bakin kowane siririn bututu idan mota ta daɗe a ajiye, kuma a 2011 kamfanin Mazda ya janye motocinsa Mazda6 sama da dubu 50 a Amurka saboda wani gizo-gizo da ke saƙa a cikin bututun numfashin tanki. Akwai kuma toshewar da hannun mutum ke jawowa. Idan aka kai mota wurin mai walda domin a ƙara wa bodi ƙarfe ya ɗauki lodi mai nauyi, ko aka ɗaga bodin aka mayar, sau da yawa akan danne ko a lanƙwasa tiyon da ke bin wuyan tanki, kuma ba a lura sai ranar da aka je shan mai.

Ɗabi'ar girgiza mota a gidan mai domin tanki ya ƙara ɗauka, bayan bakin famfo ya riga ya katse da kansa, tana cikin abubuwan da suka fi kashe gwangwanin gawayi. Wurin da ya rage a saman tanki an bar shi ne da gangan, domin fetur yana kumbura da kusan lita ɗaya cikin dubu a kan kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi, wato tanki mai lita 80, irin na sababbin Hilux, da ya ƙara zafi da digiri 10 a ranar bazara zai nemi wurin kusan lita guda. Idan babu wurin, ɗanyen mai ya gangara cikin gwangwanin da aka yi domin tururi kawai, gawayin ya jiƙe ya farfashe, gutsattsarinsa su bi bututu su toshe bawul.

Alamomin toshewa iri biyu ne, gwargwadon ɓangaren da iska ta kasa bi. Idan ta kasa fita, bakin famfon gidan mai zai yi ta katsewa bayan kowace lita biyu ko uku, mai ya riƙa dawowa ta wuya, warin fetur kuma ya dami na cikin mota. Idan ta kasa shiga, mota za ta tashi lafiya, ta yi tafiya mai ɗan nisa, sannan ta fara rasa ƙarfi har ta mutu, bayan an ɗan huta ko an buɗe murfi sai ta sake tashi kamar babu abin da ya faru. Ɗan huci kaɗan lokacin buɗe murfi a rana mai zafi ba abin damuwa ba ne, abin lura shi ne zuƙa mai ƙarfi zuwa ciki, wani lokaci har da ƙarar tanki yana komawa siffarsa.

A nan ne cututtukan biyu suke haɗuwa. Famfon lantarki da ke tura mai daga tanki zuwa inji yana da ƙarfin da zai ci gaba da zuƙa ko da iska ba ta shiga, har matsin iskar waje ya lotsa tankin, gindinsa ya taso ko samansa ya faɗa. Tankin da ya lotse ya rage yawan abin da yake ɗauka, kuma gindin da ya taso kan tokare fulota ya hana ta sauka, ko ya lanƙwasa hannunta, sai allura ta tsaya a kwata alhali mai ya ƙare. Dutse ko kututturen da ya bugi gindin tanki a hanyar gona yana yin irin wannan ɓarna. Mai motar da aka saya wa sabuwar fulota a wannan hali zai dawo da koke ɗaya cikin 'yan makonni, wanda aka saya wa sabon famfo kuma zai ga shi ma ya ƙone, domin yana aiki ne da wahala a kan tankin da ba ya numfashi.

Tsarin bincike

Hankali ya nuna a fara da abin da ba ya cin kuɗi. Mataki na farko tambaya ce: yaushe abin ya fara, bayan an sha mai a wani wuri ne, ko bayan walda, ko bayan an sauya murfi, domin murfin da ba na motar ba, balle tsumma ko leda da ake cusawa idan na asali ya ɓata, yana iya zama dukan matsalar. Daga nan a leƙa ƙarƙashin mota a duba siffar tanki da tiyoyinsa. Idan ana zargin iska ba ta shiga, gwajin ɗan gajeren zango da murfi a sassauce, tankin kuma ba cike ba, ya isa ya bayyana gaskiya, amma gwaji ne kawai, ba magani ba. Idan mai ne ba ya shiga, a cire tiyon da ke zuwa gwangwanin gawayi a gwada zubawa, in ya shiga lafiya to toshewar daga gwangwanin zuwa waje take. Ba a hura wa tanki iskar injin faci mai ƙarfi domin buɗe hanya, saboda tana iya fasa shi ko ta lalata bawul.

Sai bayan an tabbatar da numfashi ake komawa kan wuta. A zare soket ɗin da ke kan tanki, a kunna makulli, a ga inda allura ta nufa, sannan a tsohuwar mota a ɗan taɓa wayar geji da jikin mota na daƙiƙa kaɗan, allurar ta tafi ɗaya ƙarshen. Idan ta yi haka, geji da wayarsa lafiya suke, laifin yana cikin tanki ko a haɗin jikin mota. A mota mai kwamfuta ya fi aminci a yi amfani da ɗan abin turjiya mai sanannen om a maimakon taɓa waya, kuma a yi haƙuri da jinkirin allura. Irin waɗannan motoci, musamman waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, suna ajiye lambobin laifi da na'urar bincike ke karantawa: P0460 zuwa P0464 na ma'aunin mai ne, P0446 na hanyar iskar gwangwani ne, P0455 kuma yana nuna babban yoyon tururi, wanda sau da yawa murfi ne bai rufu ba. Lambar tana nuna unguwar da laifi yake ne kawai, ba ta ce a sayi komai ba. Mataki na ƙarshe shi ne ciro fulota, a sa mata mitar auna om, a ɗaga hannunta a hankali daga ƙasa zuwa sama ana kallon lambobi suna sauyawa ba tsalle, a kuma girgiza ƙwallon a ji ko akwai mai a ciki.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne mai haɗari, domin a yawancin a-kori-kura sai an sauke tanki ko an ɗaga bodi. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke saurin fashewa, saboda tururi da iska ne suka cika shi, don haka a cire kan batir, a nisanci mai walda da mai shan taba, kada kuma a leƙa ciki da ashana ko fitilar wuta. Dabarar da wasu ke yi ta ajiye jarka a gaban mota ko a bayan direba a ja tiyo zuwa inji, domin guje wa gyaran tanki, caca ce da ran duk wanda ke cikin motar.

Bayan gyara, gwajin da ke kashe gardama shi ne na awo. A tsayar da mota a fili ba lodi, a fara daga tankin da ya kusa ƙarewa, a riƙa zuba lita goma-goma da mazubin da aka tabbatar da awonsa, ana rubuta inda allura ta tsaya kowane karo, a ajiye takardar a cikin mota. Idan awon ya nuna gejin yana daidai amma litocin gidan mai ba sa cika, wannan kuma magana ce ta hukumar NMDPRA da sashen awo da ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Ya kamata masu motoci a Ikara, Maƙarfi da Kudan su yi wannan awo tare da direbobinsu kafin kakar rake da tumatir ta kama, kuma kada su biya kuɗin fulota ko famfo sai makaniken ya nuna musu abin da mitarsa ta karanta da kuma hanyar iskar da ya duba.